Ji da saurare: tsarin « kiɗa mai sanyi na manya » da kasuwar rediyo a Gaya

1. Sunan da abin da ke bayansa

Duk wanda ya taɓa zama a taron horar da ma'aikatan rediyo a Yamai, ko ya duba littattafan da ake rabawa a irin waɗannan tarurruka, ya ci karo da kalmar « format ». Abin da ake nufi da ita shi ne tasha ta ware rukuni guda na jama'a, ta zaɓi irin kiɗan da take ganin ya dace da su, ta tsaya a kansa safe da yamma, har mutum ya san abin da zai tarar tun kafin ya murɗa akwatinsa. A cikin wannan maƙala za mu kira shi « tsari ». Daga cikin tsare-tsaren da aka fi kawo misali da su akwai wanda Amurkawa suka raɗa wa suna « soft adult contemporary », wato waƙoƙin soyayya masu tafiya a hankali, waɗanda kowa ya riga ya sani, babu ihu, babu ganga mai tsinka zuciya, mai gabatarwa kuma ba ya buɗe baki sai ta kama. Su Lionel Richie, Phil Collins, Whitney Houston da Céline Dion ne ke riƙe da shi.

Tun wajen fassara sunan ake fara tuntuɓe. « Kiɗan taushi » ba zai yiwu ba, domin a rubuce taushi sunan wata ganga ce ta fada, har akwai sarautar Sarkin Taushi a Katsina. Mai karatu zai fahimci akasin abin da ake nufi, tun da kiɗan taushi kiɗa ne na a tsaya a kasa kunne. Don haka muka zaɓi « sanyi », kamar yadda ake cewa murya mai sanyi. Kalmar « manya » ma ba ta zauna daidai ba, za mu dawo kanta. Ta ukun kuwa, mai nufin « na zamani », mun yar da ita da gangan, ganin cewa yawancin waƙoƙin sun shekara 30 ko 40.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: me ya sa wannan tsari ya yi kasuwa a wasu birane, ya faɗi a wasu, a gari kamar Gaya kuma bai sami wurin zama ba? Amsoshi biyu aka saba bayarwa, talauci da addini. Dukansu suna da ƙamshin gaskiya, amma ba su ƙosar ba. Manila ba birnin masu kuɗi ba ne in aka gwada ta da Niyok, ga shi kuwa tashar Easy Rock tana zuba irin waɗannan waƙoƙi a can. Maleshiya ƙasa ce mai rinjayen Musulmi, tana kuma da tata tashar mai suna Lite. A ganinmu sai an koma ga abubuwa biyu: hajar da tasha ke sayarwa, da matsayin waƙa a cikin harshen mai saurare.

2. Abin da ake sayarwa

Mujallar Billboard ta Amurka ta buɗe jeri na musamman don waƙoƙi masu sauƙin ji a 1961, ta sauya masa suna a 1979 zuwa wanda tsarin ya gada. Tashoshin da suka zama abin koyi su ne KOST ta Los Anjalis, wadda ta rungume shi a 1982, da WLTW ta Niyok, wadda ta fito da sunan Lite FM a 1984 ta kuma daɗe cikin tashoshin da suka fi jama'a a birnin. A Faransa, bayan an sakar wa tashoshi masu zaman kansu mara a 1981, RFM da Nostalgie (1983) da Chérie FM (1987) sun bi hanya mai kama da wannan, kowace da nata salo.

Wa aka ɗinka wa wannan riga? Ma'aikaciyar ofis mai shekara 25 zuwa 54, wadda ke tuƙa mota zuwa aiki, ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa a kan tebur har a tashi. Sai kuma ɗakin jiran likita da babban kanti. A irin waɗannan wurare mutane da yawa ne ke ƙarƙashin lasifika guda, kowa da aikin gabansa. Saboda haka ba a zaɓen waƙa don wani yana mutuwar sonta. Ana zaɓenta ne don babu wanda zai tashi daga kujerarsa ya canza tasha saboda ita. Akan tara mutane a zaure a sa musu ƴan daƙiƙoƙi na kowace waƙa su ba ta maki, wadda ta gundure su ko ta ɓata wa wasu rai a cire ta. Abin da ya rage ƴan ɗaruruwan waƙoƙi ne da ake ta juyawa.

Wannan duka ba zai zama kuɗi ba sai da ma'auni. Kamfanin Arbitron, wanda Nielsen ya saye a 2013, yana ƙirga masu saurare da rubu'in awa, daga 2007 kuma ya shiga amfani da wata ƴar na'ura da ake ratayawa a jiki, mai tsintar alamar da aka ɓoye cikin sautin tasha. Na'urar ba ta tambaya ko hankalin mutum na wurin. In yana zaune a shagon aski rediyo na yi, an ƙirga shi. A Faransa kamfanin Médiamétrie, da aka kafa a 1985, ke fitar da irin waɗannan alƙaluma. Da su ake zuwa wa masu talla. Hajar ke nan: tsawon lokacin da kunne ya yi kusa da lasifika.

Ko a gidansa ma tsarin ba ya cin kowace kasuwa. A 2016 tashar KISQ ta San Faransisko ta koma gare shi da sunan The Breeze, ta kuma sami karɓuwa, domin tashoshin manya na da sun bi sababbin waƙoƙi masu zafi sun bar gurbi. Ganin haka, a Nuwamba 2018 aka buɗe masu irin sunan a Ditroyit da Filadalfiya. Ta Ditroyit ta sauya tsari a Nuwamba 2020, shekarar da annobar korona ta kwashe mutane daga ofisoshi. Ta Filadalfiya ta koma tashar Sifaniyanci a Maris 2022. Raunin tsarin sananne ne ga masu sana'ar: jama'arsa suna tsufa tare da waƙoƙinsu, da zarar sun haura 54 kuma masu talla sun daina biyan kuɗin kirki a kansu. Tasha na iya cika da masu ji ta rasa mai saye.

A Afirka ta Yamma, inda ya sami gindin zama shi ne inda aka sami irin wannan rayuwa. Legas tana da Smooth 98.1, tana kuma da bankuna da kamfanonin talla da cunkoson mota mai cinye awoyi. Nostalgie ta buɗe a Abijan da Dakar cikin shekarun 1990, amma duk wanda ya saurari ta Abijan ya san ba ta Faransa yake ji ba: raha da hira da kiɗan birnin sun cinye wurin. A Kano kuwa, tashar da ta girgiza kasuwa ita ce Freedom, da aka buɗe a 2003, kuma da magana ta yi suna, da shirye-shirye irin su « Kowane Gauta » da « Inda Ranka ». Kamfanin da ya kawo Cool FM daga Legas shi ma daga baya sai da ya buɗe Arewa Radio da Hausa.

3. Gaya

Gaya na bakin kogin Kwara, wanda a Nijar aka fi sani da Isa, kimanin kilomita 150 kudu da Doso. Gada ce ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin. Ta gabas kuma ga Kamba ta jihar Kebbi. Shekara da shekaru ta nan kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa Nijar, a nan kuma manyan ƴan kasuwa suka gina rumbunan gwanjo da ake tsallakawa da shi Najeriya. Olivier Walther ya yi littafi a 2008 kan waɗannan kasuwanni uku da attajiransu. A tasha guda mutum zai ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci da Faransanci da Yarbanci, a aljihu guda kuma ya tarar da sefa da naira. Da kallon farko sai a ce ga kasuwar da ta dace da kiɗa marar harshe: baƙi da yawa, direbobin manyan motoci masu kwanaki suna jiran takardun duwan, shaguna a buɗe har dare.

Sai dai tarihin rediyo a ƙasar nan bai horar da kunne ta wannan hanya ba. An kafa Rediyo Nijar a 1958, ta koma Muryar Sahel a 1974. Tun 1962 akwai ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda jama'ar ƙauye ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara a kansa, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo. A gefe guda ga Rediyo Kaduna, ga sashen Hausa na BBC tun 1957, wanda ake ajiye aiki a kama in lokacinsa ya yi. Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Ta farko, a 1994, sunanta R&M, wato rediyo da kiɗa; amma wadda ta shiga bakin jama'a a shekarun nan ita ce Anfani, saboda labarai da muhawara, har sojoji suka rufe ta na wani lokaci a 1996. Ba a aika soja ya rufe tashar da ke sa Julio Iglesias. Daga 1999, da tashar Bankilare, rediyoyin karkara suka bazu. Gaya ita ma tana da tata mai zaman kanta, Fara'a. Sunan kansa abin lura ne ga mai nazarin harshe. Su Lite da Breeze da Smooth sunaye ne na yanayi, na abin da ke kewaye da mutum bai nemi kome daga gare shi ba. Fara'a kuwa hali ne na wanda ya tarbe ka da sakin fuska da gaisuwa, dole ka amsa.

To, da me tasha ke rayuwa a gari irin wannan? Babu ma'aunin masu saurare da ake fitarwa wata-wata, babu kamfanin talla da zai sayi rubu'in awa bisa alƙaluma. Abin da ke shigo da kuɗi shi ne sanarwa: rasuwa da sadakar bakwai, ɗaurin aure, suna, saniyar da ta ɓata, yaron da ya ɓace ranar kasuwa, taron ƙungiyar masu kabu-kabu. Sai mai maganin gargajiya da ya sayi rabin awa, da malamin da almajiransa suka biya masa fili, da ƙungiyar agaji mai shirin rigakafi ko na noman rani. Kowane daga cikin waɗannan magana ce, ana biyanta gwargwadon sau nawa aka karanta ta, sau da yawa kuma sai an maimaita ta cikin harshe biyu ko uku. Wanda ya biya ba ya bukatar na'ura ta gaya masa an ji: gobe zai ga mutane a wurin zaman makoki ko bai gansu ba. Alkawarin da tsarin kiɗa mai sanyi ke yi wa mai saurare, wato ƙarin kiɗa da rage surutu, in aka fassara shi cikin littafin kuɗin irin wannan tasha, ma'anarsa a rage abin da ake sayarwa a ƙara abin da ba ya kawo ko dala. A nan kiɗa shi ne abin da ake sawa kafin mai gabatarwa ya gama jera takardunsa.

Abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara fito da wannan fili. An rufe gadar, motoci suka yi layi a ɓangaren Malanbil, a watan Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a da kaya suka koma tsallaka kogi da jiragen ruwa. Mai akwatin da ke cin pil ba ya barinsa a kunne awa takwas don ya cika masa ɗaki. Yana kunnawa ne ya ji ko an buɗe hanya, nawa naira take, me aka ce a Yamai, sannan ya kashe.

4. Ji da saurare

Bayanin kuɗi shi kaɗai bai isa ba, domin ana iya cewa: a sami attajiri ya ɗauki nauyin tasha, ya sa waƙoƙin Hausa masu sanyi kawai, me zai hana? A nan ne batun harshe ya shigo.

Faransanci ya raba « entendre » da « écouter », Hausa ma ta raba ji da saurara, amma iyakokin ba ɗaya ba ne. A duba waɗannan misalai:

(1) Na ji ƙarar mota.
(2) Tana jin Zabarmanci.
(3) Yaron nan ba ya ji.
(4) Muna sauraron zuwansa.
(5) Ba ya saurara wa kowa.

A (1) sauti ne kawai ya shiga kunne. A (2) ji na nufin fahimtar harshe, a (3) kuma biyayya. A (4) saurare jira ne, a (5) kuwa dakatawa ko sassauci. Wato a Hausa fi'ilin kasa kunne shi ne kuma na tsayar da abin da ake yi, fi'ilin shigar sauti kunne shi ne kuma na ganewa. Tsarin da muke magana a kai yana bukatar ji irin na (1) tsantsa, ba tare da (2) ba, ba tare da saurare ba. Ba muna cewa kalmomi ne ke ɗaure wa Bahaushe kunne ba. Ɗalibanmu sun san ra'ayinmu game da masu ɗora wa Sapir da Whorf abin da ba su faɗa ba. Muna cewa ne kalmomin shaida ne kan al'adar sauraro da ta riga rediyo zuwa.

Shaida ta biyu ta fi ƙarfi. Abin da Faransanci ya haɗa cikin « musique », Hausa ta raba shi biyu, kiɗa da waƙa, ta kuma ba waƙa fifiko. Waƙa ta haɗa har da rubutacciya wadda ba a yi mata kiɗa ko kaɗan. Karinta yana bin nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda Russell Schuh da wasu suka nuna, muryar mawaƙi kuma ba ta da cikakken ƴancin saɓa wa karin sautin kalma. Kiɗan ma ba bebe ba ne: kalangu na kwaikwayon hawa da saukar murya, wanda ya san take yana jin sunan mai shi a cikin ganga. Ke nan ko an cire mawaƙi, magana na nan.

Maganar kuma ta wani ce. Tambayar farko da Bahaushe ke yi in ya ji waƙa ita ce: wa aka yi wa? Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace yana da Shago, Mamman Shata ya cika kaset-kaset da sunayen attajirai da direbobi da garuruwansu da iyayensu, Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota tasa. Bayan yabo ga zambo, ga habaici, wanda daɗinsa duka yana cikin gano wanda ake nufi. Mun sha zama a shagon wani tela a Gaya lokacin hutu. In waƙar Indiya ce ko zuk, kekunan ɗinki ba sa tsayawa. Da zarar an sa Shata sai ƙafa ta sauka daga feda, wani ya ce a ƙara murya, kafin amshi na biyu gardama ta kaure kan ko wane Alhaji ake nufi da wane baiti. Ga mai tsara shirye-shirye a Niyok wannan shi ne babban laifin da waƙa za ta iya yi: ta hana aiki, ta raba kan ɗaki.

Za a ce ai Ba'amurke ma yana jin Ingilishin Lionel Richie, amma bai hana shi buga na'urarsa ba. Gaskiya ne, amsar kuma tana cikin nahawun waƙoƙin. In aka duba matanin waƙoƙin wannan tsari, da wuya a sami sunan yanka, ko sunan gari, ko shekara. Wakilan suna ne kawai, ni da ke, da kalmomi kamar dare da zuciya da har abada. Wakilin sunan ba ya nuni ga kowa, don haka kowa na iya shiga cikinsa ko ya bar shi ya wuce. An kwashe wa maganar duk abin da zai sa a tambayi wane ne, ina, yaushe. Waƙar baka ta Hausa kuwa akasin haka take: ita ce ma'ajiyar sunaye.

Shi ya sa, tsawon shekaru, abin da ya yi aikin kiɗa mai sanyi a ƙasar Hausa baƙon harshe ne. Muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar sun cika gidaje tun zamanin silima da kaset, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana game da Kano a 1997. Sun yi sanyi ne domin ba a jin abin da suke faɗa. Duk da haka kunnen bai haƙura ba. Yara sun cusa wa karin kalmomin Hausa masu kama da sautin Indiyanci, masu bandiri kuma suka ɗauki karin suka zuba masa begen Annabi. An mayar da ji irin na (1) zuwa na (2) da ƙarfin tsiya.

Wani abu ya sauya daga ƙarshen shekarun 1990, kuma bai kamata a raina shi ba. Waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda ake kira nanaye, su ne rukunin farko na waƙar Hausa mai yawa da aka gina kan ni da ke marasa suna, da fiyano mai laushi, da muryar namiji da mace suna amsa wa juna. Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Fati Nijar, Hamisu Breaker: a wajen sauti da nahawu, kayan aikin tsarin sun samu cikin Hausa. Abin da bai samu ba shi ne kalma ta biyu ta sunan.

5. Su wane ne manya?

A bakin mai talla na Amurka, babba shi ne mai albashi da katin banki, wanda bai wuce 54 ba. A Hausa manya su ne iyaye da dattawa da masu sarauta, girma kuma yana zuwa da kunya. Waƙar soyayya ta saurayi da budurwa ce. Magidanci mai shekara 40, wanda ƴarsa ta kusa aure, ba zai so a tarar da shi a rumfa yana kaɗa kai ga nanaye ba, ko da a zuci tana yi masa daɗi. Rediyo kuwa a rumfa da zaure da tsakar gida ake kunna shi, gaban ƴaƴa da surukai. Abin da ya dace da girmansa a ji shi yana saurare shi ne labarai, wa'azi, tafsiri in azumi ya zo, ko tsofaffin makaɗa. A nan ne addini ke da tasiri na gaske, ba ta haramci kai tsaye kaɗai ba, ta hanyar fayyace abin da ya dace da kamalar mutum. Haɗa « soyayya » da « manya » a tasha guda haɗa abu biyu ne da al'ada ta raba. A ƙara da cewa kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba.

Sannan tsarin yana rayuwa ne kan tunanin ƙuruciya na bai ɗaya: waƙoƙin da tsara guda ta ji tare tana da shekara 18. A Gaya tsara guda tana da ƙuruciya iri-iri. Wanda ya yi lakkwal ya zama mushe ko ma'aikacin duwan, nasa tunanin Kassav' ne da Monique Séka da Francis Cabrel, kamar marubucin wannan maƙala. Ɗan kasuwar da ya taso yana zirga-zirgar Kamba da Sakkwato, nasa Shata ne da finafinan Indiya, wataƙila da Don Williams. Direban da ya fito daga Kwatano yana da rumbar Kwango da Gnonnas Pedro. Matan Dandawa da Zabarmawa suna da nasu zabiyoyin. Waƙar da za ta sa ɗaya ya lumshe ido, ga na kusa da shi ƙara ce kawai. In aka bi ƙa'idar zauren gwaji, aka cire duk waƙar da wani ɓangare bai sani ba ko bai so ba, abin da zai rage ba zai cika awa biyu ba.

6. Inda kiɗan ya koma

Ba wai babu masu son irin wannan kiɗa a Gaya ba. Suna nan, sai dai ba rediyo ke ba su shi ba. Kaset ya fara ɗauke wa tasha wannan aiki, sannan katin waya ya gama da shi: a kai wa masu tura waƙa a bakin kasuwa, su cika shi da Indiya ko zuk ko nanaye, a sa abin kunne, babu suruki babu ɗa. Direban da ke kwana cikin motarsa ya riga ya zama mai tsara shirye-shiryen kansa, ya kuma fi kowace tasha sanin abin da ya ji yana saurayi.

A rediyo, wurin da waƙa mai sanyi ta sami mafaka shi ne filin gaishe-gaishe. Rediyo Kaduna ta yi suna da « Zaɓi Sonka », har aka kafa ƙungiyoyin masu aika kati a Najeriya da Nijar, tashoshin FM kuma suka gaji salon ta wayar tarho. Abin mamaki, a Amurka ma shirin da ya fi shiga zukata a tashoshin wannan tsari shi ne na dare na Delilah, inda mutane ke bugo waya su ba da labarinsu su sadaukar da waƙa ga wani. Wato da ofis ya tashi, sai tsarin ya karya ƙa'idarsa ya mayar wa wakilin suna da sunansa. Bambancin shi ne a can awoyin dare ne kawai, rana ta riga ta biya kuɗin tasha. A nan kuwa jerin sunayen ya fi waƙar tsawo: gaisuwa ga Hajiya da ƴaƴanta a Tanda, ga abokan fada, ga masu shayi na bakin tasha, ga wanda ya tafi Parakou bai dawo ba. Sau da yawa mai gabatarwa kan sauke waƙar tun ba ta kai rabi ba don ya karɓi kira na gaba, ba wanda ke ƙorafi. In kuwa ya tsallake suna guda daga cikin waɗanda aka biya, da safe zai tarar da mai shi a ƙofar tasha.